DUNIYA MAKARANTA: Farautar Ajiya Da Amanar Wanda Ba A Taɓa Gani Ba

A garuruwa da yawa na ƙasar Hausa akan iske randa a ƙofar gidan wani bawan Allah, an rufe ta da faifai, an kife moɗa a bisa, domin masu wucewa. Ba a ajiye mata mai gadi, ba a kuma rubuta wata doka a jikinta. Amma duk wanda ya tsaya ya san abin da ya hau kansa: ya sha, ya mayar da faifai, ya kife moɗa. Ran da wani ya yi gaba da moɗar, ko kuwa ya bar bakin randar a buɗe har akuya ta tsoma baki, to ba maigidan ya fi cuta ba, wanda zai biyo bayansa da ƙishirwa shi ya cuta.

Akwai wani wasa da ya samo asali daga ƙasar Amurka, wanda ya bazu cikin ƙasashe fiye da 190, wanda kuma rayuwarsa kacokan ta rataya a kan irin wannan ladabi na bakin randa. Masu shi suna kiransa jiyokashin, amma in za a raɗa masa suna da Hausa sai a ce farautar ajiya. Yadda ake yinsa shi ne, mutum ya sami ɗan akwati ko gwangwani mai murfi, ya sa littafin sa hannu da 'yan tarkace a ciki, ya kai wani wuri ya ɓoye, sa'an nan ya sanar ta intanet da lambobin da ke nuna wurin a taswirar duniya. Wani kuma da bai taɓa ganinsa ba, watakila ma mutumin wata ƙasa, sai ya bi lambobin nan da na'urar GPS ko da wayar hannu, ya nemo, ya sa hannu, ya mayar yadda ya tarar. Ba kuɗi ake ci ba, ba kuma kambu. Duk da haka a shekarar 2017 yawan ajiyoyin da ke ɓoye a duniya ya kai miliyan 3.

Na'urar GPS tana aiki ne da saƙon taurarin ɗan'adam na sojojin Amurka, waɗanda ke kewaya duniya a nisan kilomita kamar 20,200 daga doron ƙasa. In ta ji saƙon huɗu daga cikinsu sai ta lissafa inda take. To amma shekara da shekaru sojojin suna gurɓata saƙon da ke zuwa wa farar hula da gangan, don kada abokan gaba su more shi, har kuskuren yakan kai mita 100. Wanda aka ce masa allurarsa tana cikin filin ƙwallo kuwa ba a rage masa aiki ba. Ran 2 ga watan Mayu na 2000, bisa umurnin Shugaba Bill Clinton, aka daina gurɓatawar, kuskure ya sauko zuwa wajen mita 10.

Washegari wani masanin kwamfuta mai suna Dave Ulmer ya so ya gwada ko da gaske ne. Ya ɗauki baƙin bokitin roba, ya zuba littattafai da kasa-kasan bidiyo da faya-fayan kwamfuta da 'yan kuɗi da danƙon harbin tsuntsu da gwangwanin wake, ya haɗa da littafin sa hannu da fensir, ya kai bakin daji kusa da Beavercreek a jihar Oregon ya ajiye. Dokarsa guda ɗaya ce, watau wanda ya samu ya ɗauki wani abu, ya bar wani abu. Cikin kwana uku mutum biyu suka gano bokitin, na farkonsu shi ne Mike Teague. Kafin watan ya ƙare wani mai suna Matt Stum ya ba wasan sunan da ake kiransa da shi har yau. Ran 2 ga watan Satumba kuwa Jeremy Irish na birnin Seattle ya buɗe shafin Geocaching.com da ajiya 75 kacal, kuma kamfanin da ya kafa tare da abokansa biyu, watau Groundspeak, shi ke riƙe da babban kundin wasan.

Sai dai ba Amurkawa ne suka fara wannan tunani ba. Tun a 1854 wani ɗan jagora mai suna James Perrott ya ajiye kwalba a Cranmere Pool, wani wuri mai taɓo da wuyar zuwa a tsakiyar dajin Dartmoor na Ingila, domin duk wanda ya jure wahalar kaiwa can ya jefa katin sunansa. Daga baya masu zuwa suka riƙa barin wasiƙa mai adireshi, wanda ya zo na gaba ya ɗauka ya kai gidan waya.

Abin da ya fara hawa kan wanda ya sami ajiya shi ne ya sa hannu a littafin da ke ciki, da suna da kwanan wata. Wannan ita ce shaida, kuma mai ajiya yana da ikon soke iƙirarin duk wanda ya ce ya samu alhali babu sunansa a takarda. Bayan wannan sai musaya. In mutum ya ɗauki abu, to ya bar wanda ya kai shi daraja ko ya fi shi. Maganar tana da sauƙin faɗa, amma a nan halin ɗan'adam ke bayyana, domin akwatin da aka fara da 'yan motocin wasa da maƙalin makulli mai kyau, sau da yawa bayan shekara guda sai a tarar babu komai cikinsa sai murfin kwalba da tsohon tikitin mota da karyayyen biro. Ba wanda ya yi sata a fili, kowa dai ya ɗan rage ne kaɗan. Ba a barin abinci ko alewa, saboda namun daji da ɓeraye suna jin ƙamshi su fasa akwati. Ba a barin wuƙa ko harsashi ko ƙwaya ko giya, saboda yara suna cikin masu buɗewa.

Mayarwa ita ma aiki ce. A rufe murfi ya kama, a kuma maida akwatin daidai inda aka ɗauke shi, ba inda mai samu yake ganin ya fi dacewa ba. In kowane mai zuwa ya gusar da shi taku ɗaya, kafin mutum 30 su wuce ajiya ta bar lambobinta, na 31 ya yi ta tonon banza a gindin bishiyar da ba ita ba.

Wanda bai san wasan ba suna kiransa magul, sunan da suka aro daga littattafan Harry Potter, inda ake kiran wanda ba shi da sihiri da haka. Ƙa'ida ita ce kada a ciro ajiya a gaban magul, domin in ya gani zai koma ya duba, ko ya tafi da ita, ko ya tsorata. Tsoron nan kuwa ba abin dariya ba ne. A watan Yuli na 2011, a garin Wetherby na arewacin Ingila, wata mai shagon shan shayi ta hangi wani mutum yana cusa ɗan akwati a ƙarƙashin tukunyar furanni a bakin titi, yana waige-waige. Ta kira 'yan sanda, aka rufe titin kasuwa na tsawon sa'o'i, aka kawo sojoji masu kwance bom suka tarwatsa akwatin. Ajiyar wasa ce. Masu shaguna dai sun yi asarar cinikin wunin, kuma ba a ga laifin matar ba, don abin da ya kamata ta yi. Mai karatu a Nijeriya ba ya bukatar dogon bayani kan abin da zai sami mutumin da aka gani yana tura gwangwani ƙarƙashin benci a tashar mota ko kusa da wurin ibada, tun daga shekarun da bama-bamai suka yi ta tashi a Maiduguri da Abuja da Jos da Kano. Shi ya sa ake ƙin amincewa da ajiya kusa da makaranta ko barikin soja ko layin dogo ko filin jirgin sama, ake kuma so a rubuta a jikin akwati ɓaro-ɓaro cewa na wasa ne. In ɗan sanda ya tambaya, gaskiya ake gaya masa nan take.

Bayan an koma gida akwai rubuta labarin ziyara a shafin ajiyar. Da yawa sukan buga haruffa huɗu, TFTC, waɗanda ke nufin an gode da ajiya, su wuce. Ba laifi ba ne a doka, amma rowa ce. Mutumin da ya kwashe mako guda yana neman wuri, ya sayi akwati da kuɗinsa, ya nemi izini, ladansa ɗaya shi ne ya karanta yadda baƙonsa ya sha da ƙaya, da abin da ya gani a hanya. Sharaɗi kawai kada marubucin ya tona asirin maɓoya, ko da baki ko da hoto, ya ɓata wa na baya.

Wanda ya fi wannan muhimmanci shi ne rahoton cewa an nema ba a samu ba. Mutane da yawa suna jin kunyar rubuta shi, suna ganin tonon silili ne ga kansu. Alhali kuwa shi ne kunnen mai ajiya. In ya ga mutum uku ko huɗu a jere sun ce ba su samu ba, a wurin da a da kowa ke samu, ya san lokacin sa takalmi ya yi. In kowa ya yi shiru, sai ajiyar da ambaliya ta ɗauke tun bara ta ci gaba da jan mutane suna ƙona mai a banza. Akwai kuma masu wata dabara wadda ta fi shirun muni: mutum ya nema ya rasa, sai ya yanke hukuncin cewa ajiyar ta ɓata, ya ciro wani ɗan gwangwani daga aljihu ya jefa a wurin, ya sa hannu a kan takardarsa, ya rubuta cewa ya samu. Yana kiran abin taimako. Galibi kuwa ta asalin tana nan lafiya taku biyar daga inda ya tsaya, sai a wayi gari da ajiya biyu a wuri ɗaya, mai ita kuma bai san ta biyun ba balle ya kula da ita.

Inda amana ta fi nauyi shi ne wajen 'yan tafiya. Ɗan tafiya wani ɗan ƙarfe ne kamar wanda sojoji ke ratayawa a wuya, an buga masa lambar sirri, akan ɗaure shi a jikin 'yar tsana ko wani ƙaramin abu. Kamfanin ya fara fitar da su a 2001 da sunan Travel Bug. A ƙarshen watan Satumba na shekarar kuma wani mai suna Jon Stanley ya fito da irin na tsaba, mai kama da lambar yabo. Mai ɗan tafiya yakan rubuta masa buri, alal misali ya kai bakin teku a Ostareliya, ko ya zaga ƙasashe goma ya komo gida. Daga nan sai ya sa shi a wata ajiya ya juya baya. Abin da ya rage yana hannun baƙi, wannan ya ɗauka ya kai gaba, wancan ya ƙara gaba, kundin kuma yana lissafa kilomitocin da ya ci.

Duk wanda ya taɓa ba direba saƙo a tashar Iddo ko ta Sabon Gari ya san zaman jiran da ke biyo baya. Bambancin kawai shi ne direba an san fuskarsa, an san lambar motarsa, akwai kuma 'yan kamasho da za a kai wa ƙara. Mai ɗan tafiya ba shi da kowa sai rubutun da masu ɗauka suka ga dama suka yi. Saboda haka rubutun ya kasu iri-iri, kuma kowanne da ma'anarsa. Akwai na cewa an ciro shi daga ajiya kaza, akwai na cewa an karɓe shi daga hannun wani, akwai na cewa an sauke shi a ajiya kaza, akwai na cewa an kai shi ziyara wani wuri amma har yanzu yana hannu, akwai kuma na cewa an gan shi kawai ba a ɗauka ba. Wanda ya ɗauka ya rubuta cewa gani kawai ya yi, to ya bar kundin yana nuna abin yana cikin akwatin da babu shi. Mutane za su yi ta zuwa dominsa suna tarar da wayam, har sai mai akwatin ya shiga ya nuna cewa ya ɓata.

Wani kuskuren na gaggawa ne. A ɗauka wata mata ta sauke ɗan tafiya a wata ajiya a Jamus da safe, tana kan hanya ba ta sami sukunin rubutawa ba, da yamma wani ya zo ya ɗauka. Kundin yana nuna abin yana hannun matar. In mutumin nan ya yi wuf ya rubuta cewa ya karɓe daga hannunta, to zangon Jamus ya goge daga tarihin ɗan tafiyar, lissafin nisansa kuma ya karkace. Ladabi shi ne ya dakata 'yan kwanaki, ko ya aika mata da saƙo, ta sauke, sa'an nan shi ya ɗauka. Haka kuma ba a nuna lambar sirrin a hoto. Kowane ɗan tafiya yana da wata lambar ta daban wadda ake iya faɗa wa kowa. Ta sirrin in ta fita, sai mutanen da ba su taɓa barin kujerarsu ba su cika shafinsa da iƙirarin sun gan shi.

Ɗan tafiya ba kayan musaya ba ne. Ba a bukatar barin komai a madadinsa, ba kuma ya zama na wanda ya ɗauka. Abin da aka saba shi ne kada ya wuce mako biyu a hannu, in kuwa zai wuce, a sanar da mai shi. Amma yawancin waɗanda ke salwanta ba ɓarayi ne suka ɗauke su ba. Sabon shiga ne ya ɗauka da kyakkyawar niyya, ya jefa a aljihun jaka, sha'awar wasan ta fita daga ransa bayan wata biyu, jakar kuma ta koma bayan ƙofa. Na tsaba su ne aka fi yi wa ƙwace don kyansu, har wasu masu su suka koma ajiye na gasken a gida suna sakin kwafi mai ɗauke da lambar. A tuna kuma cewa wasu 'yan tafiyar na 'yan makaranta ne, malami ya sake su domin ajinsa su riƙa bin su a taswira suna koyon labarin ƙasa, wasu kuma an sake su ne don tunawa da mamaci. Wanda ya bar irin wannan ya kwana shekara a aljihun jakarsa bai san zuciyar da ya rataye ba.

Wasu kam sun yi nisan da masu su ba su zata ba. A 2008 Richard Garriott ya bar ajiya a tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, a 2013 ɗan sama jannati Rick Mastracchio ya tafi can da ɗan tafiya, motar binciken Perseverance kuwa da ta sauka a duniyar Mirrihi a watan Fabrairu na 2021 tana ɗauke da irin wannan lamba a jikin wata na'urarta.

Shi kuma mai ajiya, nasa nauyin ba ya ƙarewa ran da ya ɓoye, a ranar ma yake farawa. Kafin a wallafa ajiyarsa sai wani mai tantancewa na sa kai ya duba ta. Dole ta yi nisan mita 161 daga kowace ajiya, dole a sami izinin mai fili, ba a haƙa rami, ba a buga ƙusa a bishiya. Ba a kuma yarda mutum ya je hutu wata ƙasa ya ɓoye ajiya ya komo gida ba, sai in ya nuna wanda zai riƙa kula da ita a can, domin haihuwa ba ta da wuya kamar reno. Babban abokin gaban ajiya shi ne ruwa. Ɗan gwangwanin fim na da, wanda aka yi yayinsa saboda araha, yakan jiƙe tun damina ta farko, littafi ya zama kunu. Tsohon akwatin harsashi na ƙarfe mai roba a bakin murfi yakan yi shekaru a bushe, sai dai dole a goge rubutun soja da ke jikinsa. In masu ziyara suka sanar cewa littafi ya cika ko murfi ya tsage, mai ajiya zai iya dakatar da ita na ɗan lokaci ya je ya gyara. In ya yi kunnen ƙashi, sai a kai maganar ga mai tantancewa, ya ba shi wa'adi, wa'adi ya cika a soke ta daga kundi. Wanda ya gaji kuma yana da hanya biyu masu mutunci: ya miƙa wa wani ya ci gaba da riƙo, ko ya soke da kansa ya je ya ɗauke akwatinsa. Akwatin da aka soke aka bari a daji ya tashi daga ajiya ya koma shara, alhali masu wasan suna tinƙaho da al'adar da suka faro a 2002 ta fita da jaka suna tsince sharar da suka tarar a hanya.

Ajiyar da ta fi kowace daɗewa tana aiki ita ce wadda ake kira Mingo, a gefen wata hanya a jihar Kansas, wadda aka ɓoye ran 11 ga watan Mayu na 2000. An sha ɗauke ta, ana kuma mayarwa. Bokitin Dave Ulmer kuwa bai yi wannan sa'a ba. Shi an ɗan binne shi ne a ƙasa, abin da doka ta hana daga baya, kuma ba a daɗe ba injin yankan ciyawa na masu gyaran hanya ya bi ta kansa. A 2003 masu wasan suka je kafa allon tunawa a wurin, sai suka tono gwangwanin waken nan, ya yi tsatsa ya lotse. Aka gyara shi, aka ba shi lamba ya zama ɗan tafiya, sai dai shi ba a barinsa cikin akwati. Mai riƙonsa yakan kai shi taron masu wasan, mutane su yi layi su duba, kowa ya rubuta cewa ya gani.